«Semol»: Hagu da Arewa a Tsohon Ibrananci

Gabatarwa

A littafin Farawa, na farko cikin littattafai biyar na Attaura kamar yadda Yahudawa suka adana su, akwai labarin wani yaƙi da aka kama Annabi Lutu (AS) a cikinsa. Annabi Ibrahim (AS) ya tara mazaje 318 daga gidansa, ya bi sawun maharan har wani gari mai suna Hoba. Da aka zo kwatanta inda garin yake, sai aka ce yana hagu da Dimashƙa (Farawa 14:15). Duk ɗalibi mai lura zai ɗaga hannu ya ce: «Malam, hagun wa?» Gari ba shi da hannu, kuma abin da ke hagun mai shiga shi ne ke daman mai fita. Fassarar Faransanci ta Louis Segond, bugun 1910, ta bar kalmar «gauche» yadda take, amma fassarori da yawa na baya sun sa «nord», wato arewa. Kowannensu yana da hujja, domin kalmar Ibrananci da ke wurin, «semol», tana ɗauke da ma'anonin biyu.

Wannan muƙala za ta bi tarihin kalmar da nahawunta. Ba aƙida za mu tattauna ba. Harshe za mu duba, kamar yadda ake duba kowane tsohon rubutu. Abin da nake so in nuna shi ne, a asalinta kalmar tana faɗin inda abu yake ne game da jikin mutumin da ya fuskanci gabas. Baƙin jinin da hagu ta yi ya daɗu ne sannu a hankali, kuma mu malamai muna da rabo a cikin wannan tarihi, tun da kusan yaro ɗaya cikin kowane goma da ke gabanmu bahago ne.

Mutumin da ya fuskanci gabas

Mun saba da taswirar da ke rataye a bangon aji, arewa a sama, gusum ko kudu a ƙasa. Mutanen dā na ƙasar Kan'ana ba haka suke auna duniya ba. Mafitar rana suke fuskanta. Saboda haka gabas ita ce «ƙedem», wato gaba. Yamma ita ce «ahor», wato baya. Kudu ita ce «yamin», dama. Arewa kuma «semol», hagu. A littafin Ayuba (23:8-9) kalmomin huɗu sun jeru a wuri ɗaya, inda mai magana yake kukan ya nemi Ubangijinsa ta kowace kusurwa. Mai fassara yana iya cewa gaba, baya, hagu da dama, yana kuma iya cewa gabas, yamma, arewa da kudu, bai yi kuskure ba.

A kan wannan tsari ne ake kiran Tekun Gishiri tekun gaba, Bahar Rum kuma tekun baya. Haka nan a littafin Ezekiyel (16:46), da aka siffanta birnin Ƙudus da mace mai ƴan uwa biyu, an sa Samariya a hagunta, Saduma a damanta. Samariya tana arewa da Ƙudus, Saduma tana kudu.

Ibrananci yana da wasu sunayen kusurwoyin da ya ɗauko daga yanayin ƙasa. «Negeb», busasshiyar ƙasar kudu, ta zama sunan kudu. «Safon», sunan wani dutse a gaɓar tekun Sham wanda yau ake kira Jabal Aƙra, ya zama sunan arewa, kuma shi aka fi amfani da shi. «Yam», teku, ta zama sunan yamma, tun da Bahar Rum tana yamma da su. A nan sai a yi hattara: «yam» da «yamma» ta Hausa sun yi kama a kunne, amma kama da wane ba ta wane. Kamar da ke tsakaninmu da su ta tunani ce. Masana nahawun Hausa suna danganta «gabas» da «gaba», kuma duk Bahaushen da ya fuskanci alƙibla a Maraɗi ko Damagaram, arewa ce ke faɗa masa a hagu. Larabawa ma haka: wanda ya tsaya a Hijaz ya dubi gabas, Yaman tana damansa, Sham tana hagunsa, kuma sunayen ƙasashen biyu abin da suke faɗi ke nan. Faransanci kansa ya ajiye shaidar wannan tsohon tsari a aikatau «s'orienter», wanda asalinsa neman «orient» ne, wato gabas.

Tun kafin a rubuta Attaura

Kalmar ta girmi Ibrananci. A 1933 aka gano kangon birnin Mari a Tell Hariri, a bakin kogin Furat cikin ƙasar Siriya ta yau, kuma Bafaranshe André Parrot ya jagoranci haƙa wurin. An tono alluna na yumɓu fiye da 20.000, yawancinsu na zamanin sarki Zimri-Lim, wanda ya yi mulki a ƙarni na 18 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) har Hammurabi na Babila ya ci birnin. Allunan suna yawan ambaton manyan ƙungiyoyi biyu na makiyaya: ƴaƴan Yamina da ƴaƴan Sim'al, wato ƴaƴan dama da ƴaƴan hagu, mutanen kudu da mutanen arewa. Shi kansa Zimri-Lim daga ƴaƴan Sim'al ya fito. Ashe sarki yana iya zama ɗan hagu ba tare da sunan ya zame masa abin gori ba.

Kimanin shekara dubu bayan haka, akwai wata ƙaramar masarauta mai suna Sam'al a kudancin Turkiyya ta yau, wurin da ake kira Zinjirli, wanda Jamusawa suka haƙa tsakanin 1888 da 1902. Masana suna fassara sunan da arewa. A harshen Akkad na Babila da Assuriya ana cewa «shumelu», a Larabci «shimal» hagu ce, «shamal» kuma arewa. Kalma ɗaya ce ƴan uwan juna suka gada, kowa ya lanƙwasa ta daidai bakinsa.

Baƙaƙe huɗu

Kamar Larabci, Ibrananci baƙaƙe yake rubutawa daga dama zuwa hagu. «Semol» tana da huɗu: sin, mim, alif, lam. Wannan kansa abin lura ne, domin saiwar yawancin kalmomin waɗannan harsuna baƙi uku gare ta. Shi ya sa wasu masana suke ganin lam ɗin ƙari ce a kan wata tsohuwar saiwa, wadda ita ce ta haifi «Sham» da «shu'um» a Larabci. Za mu komo kan wannan.

Baƙi na farko yana da labari. Ibrananci yana rubuta sautin «sh» da wani sautin «s» da harafi guda mai haƙora uku. Tsakanin ƙarni na 7 da na 10 bayan haihuwar Annabi Isa (AS), malaman da ake kira ƴan Masora, waɗanda mafi shahararsu suka zauna a Tabariyya, suka sa wa littattafan wasula da ɗigo, kamar yadda aka yi wa rubutun Larabci. Suka sa ɗigo a saman haƙorin dama don «sh», a saman haƙorin hagu don «s». Tsarinsu ne ke cikin kundin Leningrad, wanda aka kwafa a Alƙahira wajen 1008, mafi tsufan cikakken kwafi na waɗannan littattafai a Ibrananci. Har yau harafi mai ɗigo a hagu ana ce masa na hagu, kuma da shi ne «semol» take farawa.

Me ya sa Balarabe ke cewa «sh» a inda Ba'ibrane ke cewa «s»? Domin a asali sautin ba ko ɗaya ba ne cikin biyun. Wani sauti ne na uku, wanda iska ke fita ta gefen harshe, tsakanin «s» da «l». Masani Richard Steiner ya tattara hujjojin haka a littafinsa na 1977. Ɗaya daga cikinsu: mutanen da Ibrananci ke kira «Kasdim» da wannan harafi, su ne Girkawa da Assuriyawa suka rubuta sunansu da «l», Kaldiyawa. Sautin yana raye a harshen Mehri na kudancin ƙasar Larabawa da na tsibirin Sokotra, kuma akwai irinsa a wasu harsunan Cadi ƴan uwan Hausa, kamar Bura da Margi da Ngizim.

Baƙi na uku, alif, ana rubuta shi amma ba a furta shi. A sunan Sim'al da Sam'al ana jin hamzarsa sarai. A «semol» ta yi shiru, rubutu kaɗai ya riƙe ta. Wasalin «o» kuwa ya fito ne daga wata doka sananniya: dogon «a» na asali ya koma «o» a harsunan Kan'ana. Inda Larabci ke da «salam», Ibrananci yana da «shalom». «Lisan», harshe, ya zama «lashon». «Himar», jaki, ya zama «hamor». Haka «shimal» ta yi daidai da «semol». Malamin da ya rubuta waɗannan tagwaye huɗu a allo ya koyar da darasin kwatanta harsuna ba tare da ya buɗe littafi ba.

Suna, sifa da aikatau

«Semol» suna ne, ba sifa ba, kuma ya zo fiye da sau 50 a littattafan. Faransanci yana cewa «la main gauche», suna da sifarsa. Ibrananci yakan haɗa suna biyu ne, «yad» da «semol», na biyun yana mallakar na farko. Wannan shi ne ginin da Hausa take yi da mahaɗi a «hannun hagu». Ɗalibin da ya taso da Hausa zai gane shi nan take, fiye da wanda Faransanci kaɗai ya sani. Sau da yawa ma ana yar da «yad», a bar «semol» ita kaɗai tana nufin hannun, kamar yadda muke cewa «ya karɓa da hagu».

Sunan yana karɓar ɗafa-ƙeyar mallaka: «semolo», hagunsa; «semolka», hagunka; «semolam», hagunsu. Yana kuma karɓar ɗafa-goshi: da «min», wadda ta yi daidai da ta Larabci, sai nun ta narke cikin sin a sami «missemol», ta wajen hagu. Wannan ita ce sigar da ke labarin Hoba. Wani lokaci kuma sunan yana tsayawa tsurarsa ya yi aikin bayanau, musamman idan ya biyo bayan «yamin».

Daga sunan an ƙera sifa da ɗafa-ƙeyar «-i», irin ta nasaba a Larabci: «semali» ga namiji, «semalit» ga mace. A lura da yadda tsohon wasalin «a» ya tsira a nan. Da wannan sifa aka kwatanta ɗaya daga ginshiƙan tagulla biyu na ƙofar Haikalin Annabi Sulaiman (AS): na dama sunansa Yakin, na hagu Bo'az (1 Sarakuna 7:21). Tun da ƙofar gabas take kallo, ana ɗaukar Yakin a kudu, Bo'az a arewa.

Abin da ya fi ban sha'awa shi ne aikatau. Kamar yadda Hausa ta fitar da «kusanta» daga «kusa», «nisanta» daga «nesa», «gabata» daga «gaba», haka Ibrananci ya fitar da aikatau daga «semol», a sigar da manahawta ke kira «hif'il». Ma'anarsa a nufi hagu, ko a yi aiki da hannun hagu. Sau 5 kacal ya zo. Mafi shahara yana Farawa 13:9, lokacin da makiyayan Ibrahim da na Lutu suka yi rikici kan makiyaya, Ibrahim ya ba ɗan ɗan'uwansa zaɓi: duk ɓangaren da ya ɗauka, shi zai nufi ɗayan. Kalma ɗaya, «asme'ila», ta ɗauke abin da Hausa za ta faɗa da huɗu: bari in yi hagu. A nan hamzar da ta yi shiru a suna ta farka, ana furta ta. Haka take a Ishaya 30:21. Amma a 2 Sama'ila 14:19 da Ezekiyel 21:21 alif ɗin ya ɓace har daga rubutu, a 1 Tarihi 12:2 kuma an rubuta shi ba a furta ba. Wurare biyar, halaye uku: shaida ce cewa harshen yana motsi a tsawon ƙarnukan da aka yi ana rubuta littattafan.

Shin hagu aibi ce?

Babu musu dama ce ke da fifiko. A Farawa sura 48, Annabi Yusuf (AS) ya kawo ƴaƴansa biyu gaban tsohon mahaifinsa, ya tsayar da babban, Manassa, daidai daman Yakubu (AS). Tsohon ya gicciye hannuwansa ya ɗora dama a kan ƙaramin, Ifraimu, abin da bai yi wa Yusuf daɗi ba. Amma a lura: hannun hagun da ya sauka a kan Manassa albarka ya sa masa, ba la'ana ba, an kuma ce shi ma zai zama babbar al'umma. Hagu matsayi na biyu ce a cikin alheri ɗaya.

Misalan suna da yawa. A Karin Magana 3:16 an siffanta hikima da mace mai kyauta a hannu biyu, kuma dukiya da daraja suna na hagun. A Littafin Firistoci sura 14, tafin hagu ne ke riƙe man tsarkakewa, yatsan dama yana tsomawa. Mayaƙan Gidiyon sun riƙe jiniya a hagu, ƙaho a dama. Ranar da Ezra ya karanta wa jama'a Attaura, dattawa 6 suna damansa, 7 suna hagunsa (Nehemiya 8:4). Sannan akwai gargaɗin da ake ta maimaitawa a Maimaitawar Shari'a da Joshuwa, cewa kada a kauce wa hanya ta kowane gefe. A wannan gargaɗi karkata dama ɓata ce daidai da karkata hagu. A ƙarshen littafin Yunusa kuwa, rashin bambance hannuwan biyu shi ne alamar jahilcin mutanen Nineba fiye da 120.000, kuma dalilin jin ƙansu ne. Wurin da aka fito fili aka haɗa hagu da wauta shi ne Mai Wa'azi 10:2, kuma irinsa ba su da yawa.

Bahagwan ƙabilar Biliyaminu

Abin mamaki, Ibrananci bai kira bahago da sunan da ya fito daga «semol» ba. A littafin Alƙalawa (3:15) an kwatanta Ehud da kalmar «itter», wadda saiwarta ke nufin rufewa ko ɗaurewa: mutum ne mai ɗaurarren hannun dama. Ehud ya ɗaura wuƙa mai kaifi biyu a cinyarsa ta dama, inda ba a zaton makami, ya shiga wurin Eglon sarkin Mowab wanda ya mallake su shekara 18, ya zaro ta da hagu ya kashe shi. A sura 20 an ambaci zaɓaɓɓun mayaƙa 700 masu irin wannan siffa, gwanayen majajjawa da ba sa kuskure. A 1 Tarihi 12:2 kuma ga maharba dangin sarki Saul masu aiki da hannu biyu. Dukansu ƴan ƙabilar Biliyaminu ne, sunan da ke nufin ɗan dama ko ɗan kudu, daidai da ƴaƴan Yamina na allunan Mari ta fuskar ma'ana. Ƴaƴan dama ne suka yi suna da hagu.

Wasu masana suna ganin da gangan ake ɗaure wa yaran ƙabilar hannun dama domin hagun ya gwanance, tun da mayaƙi bahago yana rikita abokin gaba. Yahudawan da suka fassara littattafan zuwa Girkanci, aikin da aka fara a Iskandariyya a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sun kira Ehud mai dama biyu. Ko ta wace fuska aka duba, baiwa ce ake yabo.

Yadda suna ya ɓaci

Harsuna da yawa sun ji tsoron hagu har suka sake mata suna. Girkawa suka kira ta mai kyakkyawan suna, don kauce wa mugun baki. Larabawa suka ƙara mata sunan «yasar», daga saiwar sauƙi, domin saiwar da ta ba da «Sham» ita ce ta ba da «shu'um», rashin sa'a; a Suratul Waƙi'a an ambaci mutanen hagu da «shimal» da kuma «mash'ama». Daga wannan saiwa Hausa ta aro «shu'umi» da «shu'umci». Kalmar Latin «sinister», hagu, ta bar wa Faransanci «sinistre», shi kuma «gauche» ya zama sunan mai rashin dabara. Mu ma muna cewa bahaguwar fahimta, muna cewa al'amari ya hagunce, kuma «hauni», wadda ake kiran hagu da ita a wurare da dama, ita ce sunan mai zartar da hukuncin kisa a fadar sarakunan dā.

A cikin al'adar Yahudawa ma, malaman sufancinsu na ƙasar Sifen a ƙarni na 13 sun jingina hukunci da sharri ga ɓangaren hagu. Duk da haka Ibrananci bai taɓa yar da kalmar ba. Da aka farfaɗo da shi ya zama harshen yau da kullum tun daga ƙarshen ƙarni na 19, aikin da sunan Eliezer Ben-Yehuda ya shahara a kansa, kalmar ta dawo a matsayin «smol». Ta kuma ɗauki sabon kaya: hagu ta siyasa, wadda ta samo asali daga yadda wakilai suka zauna a majalisar Faransa a 1789.

Kammalawa

Lokacin da nake ajin farko na firamare, akwai wani yaro da muke zama benci ɗaya. Duk sa'ad da ya ɗauki alli da hagu, sai rula ta sauka a yatsunsa. Ya koyi rubutu da dama, rubutu mai karkarwa, ya kuma koyi tsoron allo. Bai kai ajin ƙarshe ba. Malaminmu ba mugu ba ne. Abin da ya tarar ke nan, ya ɗauka haka duniya ta gada tun fil'azal.

Tarihin «semol» ya nuna cewa ba haka abin yake ba. Ladabin ci da sha da miƙa kaya da dama yana nan, addini da al'ada sun koyar da shi, kuma bahago yana iya koyonsa kamar kowa. Riƙon alƙalami da almakashi da lauje wani abu ne dabam. Ina roƙon ƴan uwana malamai da ƙungiyoyinmu na al'adu abu biyu. Na farko, idan muka ci karo da hagu ko dama a tsohon rubutu, mu fara tambayar ina marubucin ya fuskanta kafin mu fassara. Na biyu, mu zaunar da yaro bahago a gefen hagu na benci don kada gwiwar hannunsa ta riƙa karo da ta maƙwabcinsa, mu karkata masa takarda, mu bar shi ya rubuta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.